Daƙiƙa Uku a Wutsiyar Kiɗa

"Ba shi ba ne," in ji Mai Rediyo.

Tun ƙarar ƙarshe ba ta gama mutuwa a cikin manyan sifikun ba ya faɗa, kuma bai faɗa a hankali ba. Auta, 'yarsa, ta juyo daga gaban kwamfuta da sauran murmushi a fuskarta. Mijinta, mai situdiyon da suke ciki, ya riga ya ɗaga hannu zai tafa, sai ya tsaya haka nan da hannuwa a sama.

"Baba, kamar yaya ba shi ba ne?" Auta ta ce. "Kiɗanka ne fa. Daga faifanka na kwaso shi, ko ɗigo ban taɓa ba."

"Na ce ba shi ba ne. Da saura."

To, ga abin da ya kawo tsoho ɗan shekara saba'in da ɗaya cikin wannan ɗaki mai bangon soso, inda sanyin na'ura ke ratsa ƙashin mutum, aka dasa shi a kujerar da sai an miƙo maka hannu kafin ka iya tashi. Shekara talatin da biyar da suka wuce wani ya kawo masa gyaran kwamfuta irin ta da, mai madannai a jikinta, wadda ake jona wa talabijin. Mai ita bai sake waiwayarta ba. A cikinta akwai wani ɗan baƙin abu, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, ƙafafunsa ashirin da takwas, irin wanda masu gyara ke ce wa aisi. Shi ne maƙogwaron na'urar. Baki uku gare shi, wato sauti uku kaɗai yake iya fitarwa lokaci guda, amma da bakin nan uku Mai Rediyo ya koya wa kansa haɗa kiɗa, tsakanin gyaran wannan rediyo da wancan. Shekara shida ke nan da wuta ta zo da hauka rana tsaka ta ƙone aisin. Sau biyu yana nemo wani, duka biyun jabu, ba komai a cikinsu sai fenti.

Auta ce ta ce za ta gina masa aisin a cikin manhaja, yadda kowace kwamfuta ta yanzu za ta riƙa yin kukan tsohuwar sak. Mijinta ya yi caraf ya cafe maganar, don makaɗan zamani, da suke da na'urar da za ta kwaikwayi ganga ɗari, wai yanzu wannan tsohon ƙyii-ƙyii ɗin suke so. Wata tara tana fama. Faifan da kiɗan yake ciki kuwa ya yi fumfuna. Sau ɗaya tak ya yarda aka karanta shi, a karo na biyu fatarsa ta saluɓe, ya tashi daga aiki har abada.

Abin da Auta ba ta sani ba shi ne, a wutsiyar wannan kiɗa akwai muryar uwarta. Daƙiƙa uku. Wata rana Mai Rediyo ya haɗa makirfo da wata 'yar dabara tasa zai ɗauki ƙarar murfin tukunya ya yi ganga da ita, ya danna ke nan sai matar ta leƙo ta ƙofar baya ta yi masa faɗa. Ƙwaƙwalwar na'urar daƙiƙa uku take ci, faɗan ya cinye su duka. Ranar bai ko tashi daga kujera ba, cewa ya yi ta ɓata masa aiki. Daga baya ya liƙa faɗan a ƙarshen kiɗan don ya riƙa tsokanarta. Shekara biyu bayan nan ta rasu, Auta tana da shekara uku. Mutumin da kaset ɗubbai suka bi ta hannunsa, ku ji fa, bai taɓa ɗaukar muryar matarsa a ko ɗaya ba! Kullum gobe zai juye daƙiƙa ukun nan a kaset, kullum gobe, har aisin ya ƙone. Da ƙofa a rufe yake sauraron abinsa, da abin ji a kunne, don ba zai yarda 'ya'yansa su ga yadda fuskarsa ke komawa ba.

Bai gaya wa Auta ba ko da ta fara aikin. A ganinsa, in dai manhajar tata aisin ce da gaske, muryar za ta fito da kanta, yarinya ta ji uwarta ba tare da an yi mata dogon bayani ba. Wata tara yana jiran wannan rana. Ya sa rigarsa mai kyau. Kiɗa ya zo daidai wurin, sai ya yanke ɗif.

"Me ya rage, Baba?" Auta ta tambaya.

"Na huɗu."

"Baki uku ne da shi. Ga littafin kamfanin nan, shafi-shafi na bi shi."

"Littafin kamfani!" Mai Rediyo ya ja tsaki. "Wanda ya rubuta littafin ya taɓa zama da abin nan shekara ashirin da tara?"

Surukin ya sauke hannuwansa, ya matso da irin muryar nan da ake lallashin yaro ya sha magani. "Baba, ka san kunne yana canzawa da shekaru. Ba laifi ba ne. Ni kaina akwai ƙananan sautukan da na fara rasawa. Akwai wani likita da na sani, hannunsa da kyau, minti goma zai duba ka."

Kai! Da ma zaginsa ya yi da ya fi sauƙi. Mai Rediyo, wanda daga bakin titi yake jin rediyo ya gaya wa mai ita abin da ya mutu a ciki tun kafin a kwance ƙusa ɗaya, shi ne yau za a kai wa likitan kunne? Kuma wa? Yaron da in sifika ta yi kuka sai ya kira wani a waya! Ya yunƙura zai tashi, kujerar ta riƙe shi. Surukin ya miƙo hannu, ya ture hannun, ya dafa teburin da ke cike da maɓallai ya miƙe da kansa. Wani abu ya yi ƙara, bai waiwaya ba.

Har ya kai shago yana magana shi kaɗai. Mai faci na kusurwa ya gaishe shi bai amsa ba. Haushin surukin daban, haushin Auta daban, amma wanda ya fi cin sa shi ne na kansa, da ya zauna shekara da shekaru yana cewa gobe.

Washegari da hantsi suka zo su biyu. Shagon ɗan tsukukun ɗaki ne a ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai ɗinki da mai sayar da fenti. Teburin aiki duk tabon ƙuna, ƙarfen narka dalma a jingine yana hayaƙi, rediyoyin da masu su suka manta da su sun kai rufi. A bango ɗaya kuma gwangwanayen madara ne a jere, sun fi ɗari. Dokar shagon ke nan tun fil'azal: duk abin da aka ciro daga cikin na'ura, ko ya ƙone ƙurmus, ba a zubarwa. A naɗe shi a takarda, a rubuta ranar, a jefa gwangwani. Tana 'yar shekara tara Auta ta taɓa share wasu ta kai bola, ranar sai da ta tono su ɗaya bayan ɗaya tana kuka.

Ƙofar ta yi ƙiii da surukin ya turo ta. "Baba, ƙofar nan tana son mai," ya ce, yana dariya. Ya dubi bangon gwangwanayen. "Wannan kuma ai mota guda ce ta masu gwangwan."

Mai Rediyo ya ci gaba da aikinsa. Auta ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye kwamfutarta a gefen tebur. Idonta ya nuna ba ta ji daɗin jiya ba.

"Baba, ni ban zo da maganar likita ba," ta ce. "Nuna mini kawai. In akwai na huɗu, a ina yake?"

"Miƙo mini sifikar can. Ba waccan ba, mai yagaggen baki."

Ya ɗauki batir guda, ya riƙe wayoyin sifikar biyu. Ya ɗora ɗaya a gindin batirin, ya taɓa ɗayar a kansa. Sifikar ta ce ƙas.

"Kin ji?"

"Na ji."

"Kai fa, mai kunnen ƙwarai, ka ji?"

"Na ji, Baba," in ji surukin.

Ya sake taɓawa, ƙas. Ya riƙa taɓawa da sauri-sauri, ƙas-ƙas-ƙas, sannan ya goga wayar a kan batirin, sifikar ta yi gurnani.

"Aisin nan yana da aibi," ya ce. "Haka aka haife shi. Wuta tana ɗan yoyo a bakinsa ko ba ya kiɗa. Saboda haka duk sanda ka canza ƙarfin sautinsa, ka ɗaga ko ka sauke, sai ya ce ƙas, kamar wannan. Sati biyu na yi ina neman in kashe ƙas ɗin nan, na ɗauka ciwo ne. Rannan na zauna na ce, tsaya. Matakin ƙarfin sautin goma sha shida ne, daga sifili zuwa sha biyar. Ƙaramin tsalle, ƙaramin ƙas. Babban tsalle, babban ƙas. To in na sa na'urar ta yi tsallen nan sau dubu takwas a daƙiƙa ɗaya fa? Ba ƙas za ka ji ba kuma. Duk abin da ka ga dama za ka ji. Ganga, tafi, maganar mutum. Bakin nan uku suna can suna kiɗansu, wannan yana nan yana nasa. Shi ne na huɗu, kuma ba ya cikin littafin uban kowa."

Auta ta dubi sifikar. Hannunta ya tafi bakinta a hankali.

"Sifili zuwa sha biyar," ta ce. "Baba, a ƙarshen kiɗan akwai lambobi. Dubu ashirin da huɗu, ba wanda ya wuce sha biyar. Na ɗauka fumfunar ce ta ci wurin."

"Fumfuna ta iya lissafi?"

"Kuma ƙas ɗin..." in ji Auta. "Na san da shi. Wasu da suka auna irin aisin sun ambace shi, har na sa shi a manhajar da farko. Da muka ba makaɗa su gwada sai suka yi ta ƙorafi wai tana ƙas-ƙas. Shi ne na toshe shi."

"Kika toshe."

"Gyarawa muka yi, Baba," surukin ya sa baki. "Ba wanda zai so kayan kiɗa mai ƙazanta. Yanzu sautin ya fita tas, har ya fi na asalin."

"Ya fi na asalin!" Mai Rediyo ya buga tebur, ƙusoshi suka yi tsalle. "Wa ya aike ku? Wa ya ce ku fi shi? Cewa kuka yi za ku kwaikwaye shi! In an ce ka zana mini tsohon nan da gurguwar ƙafarsa, sai ka miƙe masa ƙafar ka ce ka taimake shi? To ba shi ka zana ba, wani ka zana! Ku yaran nan, duk abin da ba ku gane ba datti ne. Duk abin da ya girme ku ciwo gare shi. Jiya kunnena, yau ƙofata, gobe kuma ni za a ɗauka a kai wa masu gwangwan!"

Mai ɗinki na maƙwabta ya tsayar da kekensa. Auta ta buɗe kwamfutar da sauri. "Layi ɗaya ne, Baba, ban goge shi ba, rufe shi kawai na yi. Yanzu zan buɗe. Sai mu kunna wutsiyar mu ji."

Ta buɗe kiɗan, ta gangara ƙasa. Ta tsaya. Ta koma sama, ta sake gangarowa.

"Ina lambobin?" ta ce.

Surukin ya shafa ƙeya. "Wai wannan tarkacen na ƙarshe? Ai na yanke shi tun wancan satin. Kiɗan zai tafi tare da manhajar a matsayin misali, kuma wutsiyar ta fi kiɗan kansa nauyi. Ke da bakinki kika ce fumfuna ce."

"Ka ajiye na asalin?"

"A kansa na adana sabon. Me za a yi da shara?"

Ƙarfen dalma yana can yana ɗan hayaƙinsa. Mai Rediyo ya zauna a kan benci. Faifai ya mutu, aisi ya mutu, abin da ya rage a duniya kaf shi ne lambobin nan, kuma wannan yaro mai ƙamshin turare ya share su da yatsa ɗaya don kiɗa ya yi sauƙin aikawa. Ihun ma ya ƙare masa. Da ya buɗe baki, muryarsa ƙasa-ƙasa ta fito.

"Uwarki ce," ya ce wa Auta. "Sharar. Muryar uwarki ce. Babu wata a ko'ina."

Surukin ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, wallahi da na sani..."

"Da ka sani! Ka tambaya? Shagona yana nan, ƙafarka lafiya lau. Abu ya kwana talatin da uku a hannuna, shekara nake nufi ba kwana ba, ya kwana bakwai a naka ka yanke masa hukunci. Ni ma da laifina, da na yi shiru ina jiran a yi mini abin mamaki kamar yaro. Amma ni ban taɓa zubar da abin wani don ban gane shi ba."

Auta ba ta kuka, ba ta kuma kallon kowa. Bangon gwangwanayen take kallo. Can sai ta jawo jakarta, ta zazzage ta a kan tebur, makullai da biro da tarkace suka watse. Ta tsinci wata 'yar ma'ajiya ƙarama da aka naɗe da takarda, an ɗaure da roba. A jikin takardar akwai kwanan wata da rubutun hannunta.

"Ranar da faifan ya karantu," ta ce, "kafin in taɓa komai na juye shi nan yadda yake, da fumfunarsa da komai. Ban ma san dalili ba. Hannuna ne ya yi."

"Ni na san dalili," in ji Mai Rediyo. "Bola kika tona."

Ta soka ta a kwamfutar. Lambobin suna nan, dubu ashirin da huɗu, layi bayan layi. Ta nemo wurin da ta toshe aibin ta buɗe shi. Za ta kunna ta sifikar kwamfutar, uban ya ce a'a, ya jawo waya ya jona mata da sifikar nan mai yagaggen baki, don da irinta ya fara jin kiɗan.

Kiɗan ya tashi. Wannan karon da ƙas-ƙas ɗinsa a kowace gaɓa, da ɗan datti a gefen kowane sauti. Surukin ya ɗan yamutsa fuska don sabo, ya yi sauri ya gyara ta. Mai Rediyo ya rufe ido. Wannan kam shi ne. Minti biyu da rabi bakin nan uku suna zagaye juna, suka hau, suka sauko, suka zo wurin da jiya aka yanke.

Sai huci ya taso, shuuu, kamar ruwa a kan kwano. A cikin hucin, a shaƙe, kamar daga cikin gwangwani, wata mace ta ɗaga murya da faɗa:

"Kashe abin nan ka zo ka karɓi 'yarka!"

A bayanta jaririya ta fara tsanyara, rabin kuka, sai daƙiƙa ukun suka ƙare.

Auta ta dafe bakinta da hannu biyu, kafaɗunta suna girgiza. Ba ta taɓa sanin haka muryar take ba, siririya, mai kaifi, mai saurin magana irin tata. Ta miƙa yatsa wajen madannin.

"Baba, in sake?"

"Ba ki ji abin da aka ce ba?" in ji Mai Rediyo.

Ya miƙa hannu ya rufe murfin kwamfutar a hankali. Wancan karon bai tashi ba, cewa ya yi an ɓata masa aiki. Yau ya tashi, gwiwoyinsa suna ƙara, ya zagayo teburin, ya kama kan 'yarsa mai shekara talatin da huɗu ya jingina a ƙirjinsa, a kan rigar aikin da ke warin dalma. Ta saki kukan gaba ɗaya. Shi ma bai ɓoye fuskarsa ba, yau kam duk mai kallo ya kalla.

Surukin yana tsaye da hannuwa a baya, ya rasa inda zai sa kansa. Mai Rediyo ya dube shi ta saman kan Auta.

"Kai kuma fita ka ja mana ƙofa," ya ce. "Kuma kada ka kuskura ka sa mata mai."

Ƙofar ta yi ƙiii, ta rufe.